Hannu a sitiyari, hankali a waya: fashin baƙi kan na'urar Bluetooth ta amsa kira a mota

Wanda ya sayi 'yar na'urar nan ta Bluetooth da ake maƙalawa a mota don amsa kira, galibi da kyakkyawar niyya ya saye ta. Ya gaji da laluben aljihu yana tsaka da gudu, ya gaji da matse waya tsakanin kunne da kafaɗa yana kokawa da giya, ko kuwa tarar jami'an hanya yake gudu. Masu sayar da ita sun san abin da yake so ya ji, shi ya sa kusan kowane kwali ke ɗauke da alkawarin tuƙi cikin aminci. Alkawarin na da ƙamshin gaskiya, sai dai bai cika ba. Na'urar tana mayar wa direba da hannunsa da idonsa, wannan kuwa ba ƙaramar riba ba ce. Hankalinsa ne ba ta iya dawo masa da shi, kuma a kan wannan gaɓa masana suka shafe fiye da shekara ashirin suna ja-in-ja.

Yadda take aiki

Gininta ba wuya: lasifika, makirufo ɗaya ko biyu, batir, maɓallin amsa kira da na ƙara murya, sai ɗan guntun lantarki da ke hira da wayarka ba tare da an jona igiya ba. Wata ana saƙala ta a marfin kare rana da ke saman gilashin gaba. Wata ana cusa ta a ramin caja, ta tura muryar zuwa rediyon mota ta wata tashar FM da babu kowa a kanta. Wata kuma ta igiyar AUX take shiga lasifikokin motar. Sababbin motoci da ita suke zuwa a jikinsu, maɓallanta na kan sitiyari.

Ita fasahar Bluetooth ɗin a kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin aka fara aikinta a 1994, injiniya Jaap Haartsen ɗan ƙasar Holan na cikin waɗanda suka aza harsashinta. A 1998 kamfanoni biyar, wato Ericsson da Nokia da IBM da Intel da Toshiba, suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojinta. Tana aiki ne a zangon rediyo na gigahaz 2.4, inda Wi-Fi ma yake zaune, saboda haka ba ta tsayawa a tasha guda. Tsalle take yi tsakanin tashoshi 79, sau 1,600 a daƙiƙa ɗaya, don kada ta yi karo da wasu na'urori. Nisan da takan kai wajen mita 10 ne, ya ishi cikin mota har da rara. Rarar nan ce ke sa ka ga mutum ya fito daga mota yana tsaye a gefenta, kira ya shigo, ya yi ta “halo, halo” ba ya jin kowa, alhali muryar mai kiran na can tana tashi cikin motar da ya kulle.

Ƙa'idar da ke ɗaukar kira, HFP, dabam take da wadda ke ɗaukar sautin da kake saurare don nishaɗi, A2DP. Shi ya sa sautin da ke fita garau yake komawa siriri da zarar kira ya katse shi. Tsohon tsarin tarho yana ɗaukar abin da ke tsakanin haz 300 da 3,400 ne kawai (haz shi ne ma'aunin kaurin sauti da sirantarsa), yana datse saman murya, inda baƙaƙe irin su “s” da “f” ke bambanta da juna. Tsarin da ya zo da HFP 1.6 ya faɗaɗa wannan zuwa wajen haz 7,000, amma sai in wayar da layin sadarwar su ma sun iya ɗauka.

Aikin da ya fi ba na'urar wahala shi ne amsa-kuwwa. Lasifika da makirufo suna zaune gab da juna, a ɗan ƙaramin wuri da gilashi ya kewaye. Muryar wanda ya kira ka tana fita daga lasifika, ta daki gilashi, ta faɗa makirufo, ta koma kunnensa, sai ya riƙa jin kansa yana maimaita abin da ya faɗa. Na'ura mai kyau tana riƙe da kwafin abin da ta fitar, ta cire shi daga abin da makirufo ya ɗauko, sannan ta tace ƙugin inji da ƙarar taya da iskar taga. Mara kyau ba ta iya wannan lissafin, sai ta yi wayo: in ɗaya yana magana ta toshe ɗayan. Daga nan ne ake samun farkon kalmomi suna guntulewa, ana ta “me ka ce?” da “sake faɗa, ban ji ba”. A riƙe wannan, don ba batun jin daɗi kaɗai ba ne, za mu ga inda ya taɓa lafiyar tuƙi.

Abin da ta kawar, da abin da ta bari

Masu nazarin haɗurran hanya sun kasa shagalar direba gida uku: ta hannu, idan ya saki sitiyari, ta ido, idan ya bar kallon hanya, da ta hankali, idan tunaninsa ya tafi wani wuri. Waya a hannu tana haɗa ukun gaba ɗaya, shi ya sa take da muni.

Na ido ya fi saurin kisa, kuma lissafinsa kowa zai iya yi. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cinye kusan mita 28 a kowace daƙiƙa. Daƙiƙa biyu da ka ɗauka kana duba sunan mai kira, ka wuce mita 55 ke nan ba ka ga komai ba. Cibiyar nazarin sufuri ta Jami'ar Virginia Tech a Amurka ta nuna a rahotonta na 2006 cewa kawar da ido daga hanya fiye da daƙiƙa biyu yana ninka yiwuwar haɗari, ko tsallake rijiya da baya, sau biyu. Na'urar da ke ba ka damar amsa kira da danna maɓalli guda, ko ma da baki, ta rufe wannan ƙofa. Duk mai cewa ba ta da amfani ko kaɗan bai yi mata adalci ba.

Saura na uku, wato na hankali, kuma a nan labarin ya fara ɗaci.

A 1997 mujallar likitanci ta New England Journal of Medicine ta buga binciken Donald Redelmeier da Robert Tibshirani, wanda suka yi a birnin Toronto na Kanada. Sun ɗauki direbobi 699 da suka yi haɗarin da ya lalata mota, suka duba takardun kiran wayoyinsu, suka gwada mintunan da suka gabaci haɗarin da irin wannan lokaci a wata rana ta baya. Sakamakon: mai waya yana tuƙi ya ninka yiwuwar haɗarinsa kusan sau huɗu. Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, masu amfani da na'urar da ba a riƙewa ba su tsira da komai ba a kan masu riƙewa. A 2005 Suzanne McEvoy da abokan aikinta suka maimaita irin wannan a birnin Perth na Ostireliya, da direbobi 456 da haɗari ya kai su asibiti. Amsa ta sake fitowa wajen sau huɗu, da riƙo da rashin riƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta ƙiyasta cewa haɗurran hanya na kashe kimanin mutum miliyan 1.19 a shekara, a kan wannan matsayi take: sau huɗu, kuma rashin riƙe waya bai rage abin a-zo-a-gani ba.

To me ke faruwa a kan mutumin da hannayensa biyu ke kan sitiyari, idonsa kuma na kan kwalta? David Strayer na Jami'ar Utah ya daɗe yana bin wannan tambaya da na'urar kwaikwayon tuƙi. A wani gwaji da aka buga a 2003, an sa na'urar bin ƙwayar ido, aka ga direbobin da ke waya suna ɗora idonsu a kan allunan gefen hanya kamar kowa, amma da aka tambaye su daga baya, abin da suka tuna ya ragu sosai. Ido ya kalla, ƙwaƙwalwa ba ta karɓa ba. Wannan shi ne mutumin da ke rantsuwa bayan haɗari cewa wallahi bai ga mai babur ɗin ba, kuma ba ƙarya yake yi ba.

A 2006 Strayer da abokansa suka gwada masu waya da waɗanda suka sha barasa har ta kai kashi 0.08 cikin ɗari a jini, iyakar da doka ta yanke a yawancin Amurka. Masu wayar sun fi jinkirin taka birki, kuma su ne suka daki bayan motar da ke gabansu. Masu barasar kuwa matse wa ta gaba suka riƙa yi, suna taka birki da ƙarfi. Riƙe wayar da rashin riƙe ta bai kawo bambanci ba. Ana yawan ɗaukar wannan bincike a ce “waya daidai take da maye”, ni dai ina ganin an ɗan wuce gona da iri, domin kira kan ƙare cikin 'yan mintuna, maye kuwa yana tare da mai shi har ƙarshen tafiya. Amma a cikin waɗannan 'yan mintuna, raunin na gaske ne.

Akwai ma wanda ya leƙa cikin kan kai tsaye. A 2008 Marcel Just na Jami'ar Carnegie Mellon ya sa mutane tuƙin kwaikwayo a cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, ana karanta musu jimloli suna tantance gaskiya da ƙarya. Babu waya a hannu, babu danna lamba. Aikin sashen ƙwaƙwalwar da ke auna wuri da nisa ya ragu da kashi 37 cikin ɗari. Wani bincike na Jami'ar Sussex a Ingila a 2016 ya ƙara haske: hirar da ke sa mutum ya zana hoto a zuciyarsa ta fi cin hankali, domin tana gasa da hanya a kan kayan aiki iri ɗaya. In aka tambaye ka a waya ina ka ajiye makullin, sai ka ga ɗakin, ka ga teburin, ka ga aljihun rigar da ka cire jiya. A wannan ɗan lokaci kana kallon wurare biyu ne, ɗaya da ido ɗaya da zuci. Hausawa dai sun riga sun ce ba a haɗa gudu da susar ɗuwawu.

Ɗaya ɓangaren gardamar

Da a nan maganar ta tsaya, da an gama. Amma akwai wasu masu bincike da suka bi wata hanya dabam, suka dawo da amsa dabam, kuma ba a isa a yi watsi da su ba.

Mutanen Virginia Tech ba su sa kowa a na'urar kwaikwayo ba. Kyamarori suka dasa a motocin jama'a, suka bar su suna harkokinsu wata da watanni, sannan suka koma suna duba daƙiƙun da suka gabaci kowane haɗari. A binciken da suka fitar a 2009 kan direbobin manyan motoci, rubuta saƙon tes ya ninka haɗari sau 23, amma hira ta na'urar da ba a riƙewa ba ta ƙara komai ba, ƙasa ma adadin ya yi. A 2013 wani bincikensu ya nuna cewa ayyukan da ke haɗa ido da hannu, irin su neman waya da danna lamba, suna ninka haɗari sau uku, maganar kanta kuwa ba su ga ta ƙara ba. A 2016 Tom Dingus da tawagarsa suka buga mafi girma, da direbobi sama da 3,500 da haɗurra 905: danna lamba a wayar hannu ya ninka haɗari kusan sau 12, saƙon tes sau 6, magana da waya a kunne kuwa wajen sau 2.

Yaya za a daidaita waɗannan da na farko? Kowace hanya na da makantarta. Takardun kira na 1997 da 2005 ba za su iya raba lokacin danna lamba da lokacin magana ba, ga shi a wancan zamani ko mai na'urar da ba a riƙewa sai ya danna lamba da yatsa. A ɗakin gwaji kuma, ana tilasta wa mutum hira a daidai lokacin da mai gwajin ya zaɓa, alhali a hanya ta gaske direba kan zaɓi lokacinsa, ya rage gudu, ya ba ta gaba tazara, ya bar sauya layi. Direban babbar mota da ya yi awanni shi kaɗai, wataƙila hirar ce ma ke kore masa gyangyaɗi. Su kuma masu kyamara, haɗari na gaske abu ne da ba ya yawan aukuwa, don haka a wasu binciken sukan haɗa da ƙananan abubuwa irin su taka birki kwatsam ko kauce wa layi, waɗanda ba lallai su zama ma'aunin mummunan haɗari ba. Kuma kyamara tana ganin inda ido yake, ba ta ganin inda tunani ya tafi.

Abin da na fahimta daga duka biyun matakala ce mai hawa-hawa. A can sama akwai saƙon tes da danna lamba da laluben waya, waɗannan babu gardama a kansu. Ƙasa da su akwai magana da waya a kunne. Ƙasa kuma akwai magana ta lasifika. A ƙasan kowa akwai direban da ba ya waya sam. Na'urar Bluetooth tana sauko da kai hawa biyu, ba ta kai ka ƙasa. Kuma farashin da kake biya a wannan hawa na uku ba kullum ake karɓarsa ba. A miƙaƙƙiyar hanya mara kowa, jinkirin rabin daƙiƙa ba ya nuna kansa. Ranar da yaro ya faɗo titi, rabin daƙiƙar nan a gudun kilomita 60 mita takwas ce da 'yan kai.

Inda na fi jin tsoro ma ba a nan ba ne. Mutumin da ke riƙe da waya ya san laifi yake yi, hannunsa ma na gajiya, don haka yakan gaggauta. Wanda ya sa lasifika kuwa ya samu natsuwar cewa ya bi doka, sai kiran minti ɗaya ya koma na minti ashirin, kiran da zai jira a isa gida ya koma abin cike lokacin tafiya. Ko da haɗarin kowane minti ya ragu, in mintunan suka ninku, ribar ta zube.

“Ai daidai yake da hira da fasinja”

Wannan ita ce hujjar da aka fi kawowa, kuma an gwada ta. A 2008 Frank Drews da Monisha Pasupathi da Strayer suka umarci direbobi su bi babbar hanya a na'urar kwaikwayo su sauka a wata mafita da aka nuna musu. Wasu suna hira da abokinsu a kujerar gefe, wasu da abokinsu ta waya mara riƙo. Masu wayar sun ninka masu fasinja sau huɗu wajen wuce mafitar.

Dalilin a fili yake in aka duba. Fasinja yana ganin abin da kake gani. In ka zo shataletale mai cunkoso yakan yi shiru da kansa, in tirela ta matso ya ce “kula”, wani lokaci ma hanyar ce ke zama abin hirar. Wanda ke ɗaya ƙarshen layi bai san kana ƙoƙarin wuce mota a kwana ba. In ka yi shiru na daƙiƙa uku sai ya ce “kana ji na kuwa?”, kai kuma kunya da ladabi su sa ka amsa a daidai lokacin da bai kamata ka buɗe baki ba. In mai kiran babba ne a gare ka, ko maigidanka a wurin aiki, matsin ya ƙaru. Ba kowane fasinja ne alheri ba, ba shakka. Yara masu rigima a kujerar baya, ko samari da suka cika motar sabon direba, su ma shagala ce mai zaman kanta.

Umarni da baki fa? Yawancin na'urorin yanzu suna buɗe maka manhajar wayarka mai karɓar umarni da baki, wato Siri ko mataimakin Google, ka ce a kira wane, a kira shi. Don kiran suna guda, wannan ya fi danna lamba nesa ba kusa ba. Matsalar tana farawa ne in aka shiga rubuta saƙo da baki, na'ura ta ji ba daidai ba, ka gyara, ta sake kuskure, ka leƙa allon don ka tabbatar. Gidauniyar AAA ta Amurka, mai nazarin kiyaye haɗurran hanya, ta gano a 2015 cewa bayan an gama ba na'ura umarni, hankali kan ɗauki har daƙiƙa 27 kafin ya dawo kan hanya gaba ɗaya. A gudun kilomita 40 kacal, mita 300 ke nan. Wanda ke cewa shi a danja kawai yake taɓa waya, ya kamata ya san cewa in ta ba da hannu ya tashi, wani ɓangare nasa bai taso tare da shi ba.

Abin da doka ta ce

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma yawancinsu hannu suka kama. Jihar New York ce ta fara hana riƙe waya a Amurka, a 2001. Birtaniya ta hana a Disambar 2003, a Maris 2017 ta ɗaga hukuncin zuwa tarar fam 200 da makin laifi shida a lasisi, wanda ya isa ya raba sabon direba da lasisinsa nan take, a Maris 2022 kuma ta faɗaɗa dokar ta haɗa kusan duk wani taɓa waya da ke hannu. Lasifika halal ce a can, amma ɗan sanda na iya gurfanar da kai in ya ga ba ka riƙe da motarka yadda ya kamata. Faransa ta ƙara wani mataki a Yulin 2015: ta hana direba sa komai a kunne, har da ɗan ƙaramin Bluetooth na kunne guda, ta bar lasifika kawai. Wannan na da ma'ana, domin kunnen da aka toshe ba ya jin oda ko jiniyar motar asibiti yadda ya kamata, kuma nan ne lasifika ta fi abin kunne.

An yi yunƙurin zarce haka. A Disambar 2011 hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ba da shawarar a hana direba amfani da waya kwata-kwata, da riƙo da rashin riƙo. A 2019 wani kwamitin majalisar dokokin Birtaniya ya nemi gwamnati ta duba irin wannan. Ba a ɗauki ko ɗaya ba. Jihohi da dama a Amurka dai sun hana sababbin direbobi da direbobin motocin 'yan makaranta kowace irin waya, wasu manyan kamfanoni ma sun hana ma'aikatansu.

Me ya sa doka ta tsaya a hannu? Wani ɓangare na amsar shi ne, jami'in da ke bakin hanya yana iya ganin waya a kunne, amma mai motsa baki shi kaɗai a mota, wa ya san ko waya yake yi ko waƙa? Doka tana hana abin da za ta iya kamawa. Kuskure ne a ɗauki shirunta a matsayin shaidar cewa abin ba shi da illa.

In za a yi amfani da ita

A wajen zaɓe, makirufo ya fi lasifika muhimmanci, ko da yake lasifikar ce ake tallatawa. A nemi wadda mutum biyu za su iya magana lokaci guda ba ta datse kowa ba, mai tace hayaniya, mai haɗuwa da waya da kanta da zarar an shiga mota, mai babban maɓallin da yatsa zai same shi ba sai an duba ba. In tana faɗin sunan mai kira da baki, ya fi kyau, don ta raba ka da leƙen allo. Ga dalilin da na ce a riƙe batun sauti: duk kalmar da ta guntule, ƙwaƙwalwarka ce ke aikin cike gurbinta, kuma daga kason hanya take ɗiban ƙarfin. Murya mara fita tana sa mutum ya karkata kai wajen na'urar, ya ɗaga murya, ya miƙa hannu neman maɓalli. Masu bi ta tashar FM sun fi fama da wannan, musamman a manyan birane inda tashoshi suka cika zango, sai ka ga direba yana murɗa rediyo yana kan gudu, abin da aka sayi na'urar don a guje masa.

A maƙala ta kusa da baki, marfin kare rana na ɓangaren direba ya fi dacewa, nesa da bakin iskar esi da buɗaɗɗiyar taga. Kada ta tare gilashi, kada kuma a ɗora ta inda jakar iska ke fitowa, don ranar da jakar ta fashe na'urar harsashi za ta zama. Mai batir a ciki ba ta son zafin motar da aka rufe a rana, batirin litiyam na lalacewa da wuri, wani ma ya kumbura. Haɗa ta da waya, daidaita murya, zaɓen tasha, duk a gama su mota na tsaye. Wayar kuma ta shiga jaka ko aljihun mota, don in tana kan cinya, ido zai je mata. A tuna kuma lasifika ba ta da sirri: in akwai mutane a motar, a gaya wa mai kira tun kafin ya fara zuba.

Sauran ya rage ga irin kiran. “Ina hanya, zan iso nan da rabin awa” kira ne da lasifika ta dace da shi. Ciniki, lissafin kuɗi, rigimar gida, labarin rasuwa, kwatancen wurin da ba ka sani ba, taron ofis da ake so ka ba da ra'ayi, waɗannan na buƙatar a samu wuri mai aminci a faka, ba kafaɗar babbar hanya ba. Haka in ana ruwa, ko dare ya yi, ko an shiga kasuwa da makaranta da mahaɗar hanyoyi, a bar shi ya yi ta ƙara. Wanda bai daɗe da fara tuƙi ba kuwa, tuƙin kansa bai zauna masa a jiki ba tukuna, duk hankalinsa yake buƙata, don haka shi ko lasifikar ba tasa ba ce. Wayoyin zamani na da tsarin da ke toshe sanarwa in sun gane ana tuƙi, Apple ya sa nasa tun 2017, Android ma na da irinsa, kuma ana iya saita shi ya bar kiran mutum biyu ko uku kawai su shigo.

Akwai kuma rabon mai kira, wanda ba a cika magana a kansa ba. In ka ji ƙugin inji da ƙarar iska a bayan muryar wanda ka kira, tambaya ɗaya ce: “Tuƙi kake yi?” In ya ce eh amma ba komai, a lasifika yake, kai ne ke zaune lafiya, kai ya fi sauƙi ka ce “in ka tsaya ka kira ni”. Ya fi zama wajibi in kai ne babba, domin na ƙasa da kai, ɗanka ne ko ƙaninka ko direban da ke yi maka aiki, da wuya ya iya katse ka da kansa.